Ɗan haya ya tashi kafin wa'adi ko ya gudu da bashi: matakan da mai gida zai bi ya karɓi haƙƙinsa

Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk mai gidan haya da muka zauna da shi sai ya kawo ta ta wata fuskar. Wani ɗan hayarsa ya biya shekara ya tashi a wata na biyar yana neman a mayar masa da canji, wani kuɗinsa ya ƙare ya ci gaba da zama sai aka wayi gari ya kwashe kaya da daddare, wani kuma ya danna kwaɗo ya ɓace wayarsa a kashe kaya na ciki. To ga yadda ake bi daki-daki. Misalan doka da zan kawo na Abuja ne da Legas, kowace jiha da tata dokar karɓar gida daga ɗan haya amma tsarin kusan iri ɗaya ne, sai dai lauyan garinku ya duba maka ƙananan bambance-bambance.

1. Ɗauko takardu kafin ka ɗauko waya

Kafin ka kira shi ka fara faɗa, zauna ka tattara abin da ke hannunka: agirimen ɗin da kuka sa wa hannu, kwafin rasit, alat ko sitetmen na banki da ke nuna ranar da kuɗi ya shigo, da duk hirar da kuka yi a WhatsApp. A cikin agirimen ɗin abu huɗu za ka nema, ranar da haya ta fara da ranar da za ta ƙare, notis na kwana nawa aka ce kowa zai ba ɗan uwansa, me aka ce game da mayar da kuɗi idan mutum ya tashi da wuri, sai kuma kuɗin koshin, wato ajiyar da ɗan haya ke bayarwa saboda ɓarna, da sunan garanto idan akwai. Abin da kuka rubuta shi ke gaba, doka tana shigowa ne a inda kuka yi shiru.

Idan babu agirimen, da baki kawai aka yi a gaban dillali kamar yadda aka saba a unguwanninmu, ba shikenan ba. Rasit da alat da shaidar dillalin sun isa su nuna akwai haya da kuma irin ta.

Gargaɗi: kar ka goge hirar, kar ka sayar da wayar. Dokar shaida ta 2011 a sashe na 84 tana neman takardar tabbatarwa kafin kotu ta karɓi abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta, kuma aikin ya fi sauƙi idan wayar da aka yi hirar da ita tana nan.

2. Gane wace irin haya ce tsakaninku

Nan ne lissafi yake farawa. Akwai haya mai wa'adi, wato an ce daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, ranar da ta cika ta ƙare da kanta. Akwai kuma mai juyawa, wata-wata ko shekara-shekara, ba a yanka ranar ƙarewa ba. A mai juyawa idan ba ku rubuta komai kan notis ba, dokar Abuja da dokar haya ta Legas ta 2011 duk sun ce mai biyan wata notis ɗinsa wata 1 ne, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan shekara wata 6. Abin da masu gida da yawa ba su sani ba shi ne wannan notis ɗin ba a kan mai gida kaɗai yake ba, ɗan haya ma idan zai tashi shi ma ya kamata ya bayar.

Idan kuma kotun Musulunci za ku je, malaman Malikiyya ma sun raba ta biyu. Wadda aka yanka wa wa'adi, misali shekara kaza ko wata kaza, ta zama dole a kan kowa, kuma kuɗi yana hawa kan ɗan haya da zarar an ba shi damar shiga ko ya kwana a ciki ko bai kwana ba. Wadda aka ce kawai kowane wata kaza ba tare da wa'adi ba, kowa na iya janyewa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya.

3. Tabbatar ya tashi da gaske, kuma kar ka taɓa kwaɗon nan

Wannan matakin shi ne wanda ke mayar da mai bin bashi ya koma wanda ake ƙara. Mutum ya ɓace wata biyu, maƙwabta sun ce sun ga mota ta kwashi kaya, zuciya ta ɗebe ka ka kira mai walda ya yanke kwaɗo. Bayan sati uku sai ga shi ya dawo da lauya yana cewa akwai gwal ɗin matarsa da kwamfuta da kuɗi naira miliyan biyu a cikin durowa. Ƙarya yake ko gaskiya, kai ne ka fasa ƙofa, kai za ka yi ta bayani.

Abin da za ka yi: ka kira shi, ka tura masa saƙo a rubuce kana tambayarsa kai tsaye ko ya bar gidan ne kuma yaushe zai kawo makulli. Ka tuntuɓi garanto da dillalin da ya kawo shi. Idan ya amsa ya ce ya tashi, alhamdulillahi, ka wuce mataki na 4. Idan shiru ne, hanyar kotu ce. Dokar Legas ta fayyace wannan, idan haya ta ƙare mutum ya bar gida a kulle bai miƙa ba, mai gida zai manna notis na kwana 7 a jikin ƙofar sannan ya nemi kotu ta ba da izinin buɗewa. A sauran wurare ma abin da lauya mai hankali zai ce maka kenan, ma'aikacin kotu ne zai buɗe, a rubuta duk abin da aka samu a ciki a gaban shaidu.

Gargaɗi, kuma da babbar murya: cire rufi, cire ƙofa, yanke wuta ko ruwa, kawo 'yan daba, watsa kaya waje, riƙe firji ko janareta a matsayin jingina, duk ba haƙƙinka ba ne ko da nawa kake binsa. A Legas fitar da ɗan haya da ƙarfi laifi ne mai tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6, banda diyyar da zai iya nema daban. Shi kuwa ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar kuɗin haya ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, haka kuma ba a kama ƙaninsa ko matarsa a madadinsa.

4. Karɓar makulli: a rubuce

Mutane na raina wannan wurin alhali nan ne kuɗi ke zubewa. Idan ɗan haya ya miƙo makulli ka karɓa ka yi shiru, ka shiga ka yi fenti ka sa wani, a ido na doka kamar kun yarda ne haya ta ƙare a wannan lokacin, kaga neman kuɗin watannin gaba zai yi wuya. Ta ɗaya ɓangaren kuma idan ya biya har Disamba ya tashi a Mayu bai miƙa maka gidan ba, gidan yana hannunsa har Disamba, ba ka da ikon saka wani a ciki don kawai ka ga babu labule a taga.

Saboda haka ranar miƙa makulli a yi 'yar takarda, ko da hannu aka rubuta a fallen littafi ya wadatar. Ga irin abin da za a ce: “Ni wane, ɗan haya a gida mai lamba kaza, yau ranar kaza na miƙa makullai guda uku ga mai gida, na kwashe kayana gaba ɗaya, na yarda ya saka wani ɗan haya. Karɓar makullin nan ba yafe bashin da ake bi na ba ne, wanda ya kama naira kaza.” Ya sa hannu, ka sa, shaidu biyu su sa, kowa ya ɗauki hoto a wayarsa. Idan ta hannun yaro ko mai gadi ya aiko da makullin, a ranar ka tura masa saƙo mai ɗauke da wannan maganar, kar ka bari ta kwana.

5. Zagaya gidan da kyamara

A ranar da ka karɓi makulli, kafin mai shara ya shiga, ka ɗauki bidiyo tun daga ƙofar waje ba tare da ka yanke ba, ka faɗi kwanan wata da bakinka. Ka buɗe kowane famfo, ka ja ruwan masai ka ga ko yana tafiya, ka kunna kowane soket, ka ɗaga kai ka duba silin ɗin kicin inda hayaƙi ke taruwa, ka leƙa bayan ƙofofi inda ake fasa tayil a rufe da kafet. Sannan ka tsaya a gaban mita ka ɗauki lambarta da abin da ke kan allonta. Idan ta kati ce ka bincika ko an ɗora mata tsohon bashi da ake cira duk lokacin da aka sayi wuta, idan ta bil ce ka je ofishin kamfanin, AEDC ne ko KEDCO ko wanda ke yankinku, a buga maka abin da ake bi. Haka bil ɗin ruwa da na shara.

Gargaɗi: ba duk lalacewa ake cajin ɗan haya ba. Fenti ya dusashe bayan shekara uku, hannun ƙofa ya saki, wannan tsufa ne, naka ne. Gilashin da aka fasa, bangon da aka huda aka saka eyasi aka bar ramin, ƙofar da aka ɓalle, wannan nasa ne. Ka sa birkila ko kafinta ya rubuta maka kuɗin gyara a takarda da sa hannunsa, bayan an gama ka ajiye rasit ɗin kayan.

6. Lissafin abin da kake bi

A nan zan ɗan daɗe. Mu ɗauka fulat ne a Kubwa, naira 1,200,000 a shekara, wato 100,000 kenan a wata, daga Janairu zuwa Disamba.

Na farko, wanda ya biya duka ya tashi ƙarshen Mayu don an yi masa canjin wurin aiki. Ba ka binsa haya, shi ne ma yake neman ragowa. Idan agirimen bai ce a mayar ba, ba dole ba ne ka mayar, shi ya fasa ba kai ba. Amma ka tuna abin da na faɗa a mataki na 4, gidan nasa ne har Disamba, kai kuma kana so ka saka wani. Shi ya sa hanyar da ta fi kowa riba ita ce ku yi ciniki, ya miƙa gida a rubuce, kai kuma duk ranar da sabon ɗan haya ya shiga ka mayar masa da kuɗin watannin da suka rage bayan an cire gyara. Idan sabo ya shiga 1 ga Agusta, Yuni da Yuli sun tafi a kansa, Agusta zuwa Disamba wata 5 ne, naira 500,000, a cire gyara da bil a ba shi sauran. Ni a ganina mai gidan da ya riƙe wannan 500,000 ɗin kuma ya karɓi ta sabon ɗan haya ya ci kuɗin wata ɗaya sau biyu, ko kotu ba ta kama shi ba abin bai yi kyau ba, kuma dillalai suna yaɗa irin wannan labarin.

Na biyu, wanda ya biya rabi, 600,000, da alkawarin cikawa, sai ya tashi ƙarshen Yuni. Wannan ya saɓa yarjejeniya kuma kana binsa. Idan gidan ya zauna babu kowa har Disamba, 600,000 ɗin za ka nema. Idan ka samu wani ya shiga 1 ga Oktoba, shawarata ka tsaya a kan Yuli, Agusta da Satumba, 300,000, shi ne kuɗin da ba a doguwar jayayya a kansa. Kuma kar ka naɗe hannu ka ce ai yana kansa, ka ba dillalai gidan tun satin farko, ka ajiye saƙonnin da ka tura musu, domin duk inda ake maganar diyya alƙali zai so ya ji me ka yi don rage asarar. Banda haka ma mutumin da ya kasa cika 600,000 yana zaune a gidan, ba ƙaramin aiki ba ne ka karɓe ta bayan ya koma wani gari.

Na uku, wanda kuɗinsa ya ƙare 31 ga Disamba ya ci gaba da zama yana yau-gobe har ƙarshen Afrilu sannan ya sulale. Wata 4 ne, 400,000. Galibi da tsohon farashi ake lissafa wannan zaman, kar ka ɗora sabon farashin da ka faɗa masa da baki bai taɓa amincewa ba.

A kan kowanne sai ka ƙara gyaran ɓarna da bil, ka cire kuɗin koshin da ke hannunka. Ka rubuta shi layi-layi a takarda ɗaya. Kar ka ƙara kuɗin ɓacin rai, kar ka ƙirƙiro tarar da babu ita a agirimen, lissafi ɗaya da ya kumbura yana sa alƙali ya fara zargin sauran.

7. Takardar neman biya, sannan sulhu

Ka rubuta masa wasiƙa: ga abin da ake binka, ga yadda aka lissafa, ga lambar asusu, ka biya cikin kwana 14 ko a tafi kotu. Ka kai inda yake zaune yanzu ko wurin aikinsa a sa maka hannu a kwafi, ka kuma tura hotonta ta WhatsApp. Garanto ma a ba shi kwafi. Amma fa garanton da za ka iya bi da kuɗi shi ne wanda ya sa hannu a takarda cewa zai biya idan ɗan haya ya kasa, wanda ya ce “ai yaron kirki ne, na san babansa” shaida kawai ya bayar.

Kafin kwanakin su cika ka gwada zama. Mai unguwa, limamin masallacinsu, shugaban kasuwa idan shago ne, a Kano har Hisba tana irin wannan sulhun, akwai kuma cibiyoyin sasanci da ke ƙarƙashin manyan kotuna a Legas da Abuja da Kano. Idan ya ce zai biya kaɗan-kaɗan ka karɓa, sai dai a rubuta jimillar bashin da ranakun biya ya sa hannu. Wannan takardar ta fi agirimen ɗin farko ƙarfi a wajenka, don ya amsa bashin da hannunsa.

Gargaɗi: kar ka saka hotonsa a Facebook kana kiransa ɓarawo. Bashin 400,000 zai iya jawo maka ƙarar ɓata suna.

8. Kotu

Idan ya riga ya fita kuɗi kawai kake nema, ka fara tambayar kotun ƙananan basussuka. Legas ta buɗe tata a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, an fara su da iyakar naira miliyan 5, wasu jihohin ma sun bi sahu. Fom ake cikewa, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara ta ne a gama cikin kwana 60. Rajistara zai faɗa maka kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci, ka karɓi rasit a kan kowanne. Idan ku duka Musulmi ne a jihar da ke da kotun Musulunci, can ma ana kai irin wannan ƙarar. Babbar matsalar ba shari'ar ba ce, kai sammaci ne, don haka ka nemo sabon adireshinsa tun kafin ka je.

Idan kuwa har yanzu yana ciki ko kayansa na ciki, ƙarar karɓar gida ce, a Abuja kotun distirik, a Legas majistare ko babbar kotu gwargwadon kuɗin hayar. Tsarin shi ne notis na tashi idan haya mai juyawa ce, bayan ya cika sai notis na kwana 7 cewa za ka je kotu, sannan ƙara. Mai wa'adin da ya riga ya cika, na kwana 7 ɗin kawai yake buƙata. A nan kam ka ɗauki lauya, ku yi cinikin kuɗinsa tun farko a rubuce, domin kuskuren kwana ɗaya a notis ya sha rusa shari'a. Gaskiya ne a 2021 Kotun Ƙoli a shari'ar wani kamfani mai suna Pillars ta nuna ba za a bar ɗan haya ya fake da ƙaramin kuskuren notis ya shekara da shekaru a gidan mutane ba, amma wannan ba dalili ba ne na yin aikin ganganci. Idan lauya ko dillali ne zai sa hannu a notis ɗin a madadinka, ka ba shi izini a rubuce kafin ranar da ya rubuta. Gidan gado kuma, magada su fitar da mutum ɗaya da takarda, kar kowa ya riƙa aika nasa saƙon.

Kar kuma ka ajiye maganar sai ka huce, a Legas da Abuja bashi irin wannan idan ya wuce shekara 6 ba a kai ƙara ba kotu ba za ta saurare shi ba, wasu jihohin kuma wa'adinsu daban ne.

9. Bayan hukunci

Hukunci takarda ce, kuɗin bai shigo ba tukuna. Idan bai biya ba ka koma kotun ka nemi a zartar. Hanya biyu aka fi bi, ko ma'aikatan kotu su kama kadararsa a yi gwanjo, ko kotu ta umarci bankinsa ya biya ka daga asusunsa. A nan ne tsohon alat ɗin mataki na 1 yake amfani, don yana nuna bankin da yake ajiya. Kotu na iya yanka masa biya wata-wata, duk abin da ya shigo ka ba shi rasit ka rage a lissafi.

10. Gyara agirimen kafin sabon ya shiga

Kar ka ba sabon ɗan haya tsohuwar takardar da ta jefa ka a wannan halin. A ƙara layi uku: notis na wata nawa zai bayar idan zai tashi kafin wa'adi, yadda za a yi da ragowar kuɗi idan an samu wani ya shiga, da cewa saƙon WhatsApp ko manna takarda a ƙofa ya zama notis. Garanto ya sa hannu da kwafin katin shaidarsa da adireshin wurin aikinsa. Ranar shiga a ɗauki bidiyon gidan da lambar mita, a tura masa ya amsa da cewa ya gani. Idan hayar za ta wuce shekara 3, kamar ta shago ko makaranta, wannan ba ta rubutun hannu ba ce, lauya ne zai tsara ta a yi mata rajista. Masu gida a Legas kuma su lura, dokar 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara 1 gaba ɗaya daga sabon ɗan haya, sai a Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA da dokar ta cire.